Almakashin mai tace fim

A gidajen Filinge da ƙauyukan Kurfai, idan fim ya kai wurin da zai sa uba da ɗiya su sunkuyar da kai, wani yakan yi wuf ya tura shi gaba. Wannan ma yanka ne, amma a bainar jama'a. Kowa ya ga hannun da ya yi shi, kowa ya san kunya ce dalili, kuma zaman bai watse ba.

Yankan da ake yi tun kafin fim ya iso shi ne mai wuyar shari'a. Tun 2001 Jihar Kano ke da hukumar tace finafinai, daga Kano kuwa akasarin finafinan Hausa ke shigowa Nijar. Bakurfaye bai zaɓi masu tacewa ba, bai kuma san abin da suka cire ba. Babu shakka yakan amfana, don yana iya kallo da iyalinsa hankali kwance. Sai dai idan labari ya yi tsalle, aka ga an saki mace ba a ga laifinta ba, daɗi yakan gushe, zato ya maye gurbinsa, zaton kuwa sau da yawa ya fi abin da aka cire muni.

Wani lokaci ma kunya fakewa ce kawai. Hukumomin Senegal sun datse wasu sassan Xala, fim ɗin Usman Sembene na 1975, alhali abin da fim ɗin ya tona shi ne asirin sababbin manyan ƙasa da suka gaji kujerun Faransawa.