Ɗaukaka Ƙara Ba Bijire Wa Shari'a Ba Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai masu zaton cewa wanda aka yanke wa hukuncin sata ya ɗaukaka ƙara, ya yi wa Shari'a tawaye. Wannan zato kuskure ne, domin alƙali ɗan Adam ne, yana dacewa yana kuma kuskurewa.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa bayin Haɗibu sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Sayyidina Umar ya yi umurni a yanke hannayensu. Sa'an nan ya lura cewa yunwa ce ubangidansu ke gasa musu, sai ya janye hukuncin. Mai taguwa ya ce kuɗinta dirhami 400 ne, Umar ya sa ubangidan ya biya 800. Watau haddin sata da aya ta 38 cikin Suratul Ma'ida ta zo da shi yana da sharuɗɗa: dukiyar ta kai nisabi, a ɗauke ta daga ma'ajiyarta, kuma babu shubuha. Shi ne kuma ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari cewa hukuncin jiya kada ya hana alƙali komawa ga gaskiya idan ta bayyana yau.

Amma fa wannan ƙofa ta neman adalci ce, ba mafakar mai gangancin laifi ba. Misali shi ne masu zuwa Umra ko Hajji, wa'adin bizarsu ya cika su ɓuya a Makka ko Jidda. Biza alkawari ce tsakanin baƙo da masu ƙasa, ayar farko ta Suratul Ma'ida kuwa ta wajabta cika alkawari. A shekarar 2025 hukumomin Saudiyya sun sanar da tarar da ta kai Riyal 50,000, da ɗaurin da ya kai wata 6, da kora, ga wanda ya zarce wa'adi. Wanda ciwo ya kwantar yana da uzurin da zai gabatar. Wanda ya laɓe da niyya kuwa, tuba ce ta kamace shi.

Saboda haka wajibi ne alƙalin sama ya binciki dalili kamar yadda Umar ya yi, mai ƙara kuma ya ji tsoron Allah ya faɗi gaskiya, domin akwai ranar da babu ɗaukaka ƙara.

Allah Ya ba alƙalai ikon yin adalci, amin.