Rijiyar Mantuwa: Shin Jika Yana Ɗauke da Laifin Kaka?

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Ban san nauyin wannan magana ba sai a hutun da ya wuce, da na sauka Ikko wurin yayana, ya ce in shirya mu je Badagiri in ga teku. Ni kuwa da ban taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga ba, sai murna.

Badagiri tsohon gari ne yamma da Ikko, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. Nan a ke nuna wa baƙi benen da 'yan mishan suka gama a 1845, wai shi ne na farko a Nijeriya, ko da ya ke mu Kanawa muna da ja. Daga nan kuma Kyaftin Clapperton ya tashi a ƙarshen 1825, ya ratsa ƙasar Oyo, ya biyo ta Kano, ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can ya mutu a 1827. Watau tun da can akwai hanya tsakanin gidajenmu da wannan gaɓa. Ta irinta ne aka riƙa gangarowa da bayi daga arewa, cikinsu har da Hausawa.

Mai yi mana jagora ya kai mu gidan Seriki Abass, inda a ke tsare bayi a ƙananan ɗakuna kafin jirgi ya zo. Ya miƙo mini sarƙar wuya, na ɗaga da ƙyar. Daga nan muka shiga kwalekwale muka haye zuwa tsibirin Geberefu, muka bi rairayi da ƙafa. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya. Ana ba da labari cewa a kan tilasta wa bayi su sha ruwanta don su manta da garinsu da iyayensu. Gaba kaɗan sai teku, wurin da a ke kira inda ba a dawowa.

A hanyar komawa na yi shiru. Yayana ya ce, "Kai, bar damun kanka. Abin da ya wuce ya wuce, garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Kuma ai aikin Turawa ne." Na ce, "Yaya, to wa ya kawo musu mutanen har bakin ruwa?" Bai amsa ba. Wannan tambaya ce na kawo muku, 'yan'uwana ɗalibai.

Babu shakka Turawa ne suka kawo jiragen, su suka buɗe gonakin rake da suka cinye rayukan. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutanen ƙasa ne suka kai hari, su suka kama, su suka yi ciniki. Shi kansa Seriki Abass, wanda ya rasu a 1919, an ce bawa ne da aka kai Barazil, ya dawo ya shiga sayar da wasu. Mu ma a birane irin su Kano an yi cinikin mutum a kasuwa, kuma sai a 1936 doka ta kashe bauta gaba ɗaya a Nijeriya ta Arewa. Ashe ba tarihin wasu na je kallo ba, namu ne.

To, shin laifin yana wuyanmu? A ganina, a'a. Ana gādon gona, ana gādon gida, amma ba a gādon zunubi, kowa abin da ya shuka shi zai girba. Wanda bai kama kowa ba, bai sayar da kowa ba, zalunci ne a ce ya sunkuyar da kai saboda kakansa. Har nan ni da yayana bakinmu ɗaya.

Inda muka rabu shi ne wannan. In gaskiya ne ba a gādon laifi, don me a ke gādon ƙasƙanci? Wanene cikinmu bai taɓa jin an hana saurayi aure ba, bayan an bincika an ce "asalinsu bayi ne"? Yaro ga ilmi, ga ladabi, ga sana'a, amma a rufe masa ƙofa saboda wata rana, kafin a haifi ubansa, mahara sun fi kakansa ƙarfi. Jikan mai sayarwa kuwa ba a tambayarsa kome, kirari ma a ke yi masa. Mun manta da wanda ya sayar, amma ba mu manta da wanda aka sayar ba. Wannan ba mantuwa ba ce, son kai ne.

Ku dubi kuma waɗanda aka tsallakar. A 1807 hukumar Bahiya ta Barazil ta gano shirin tawayen da bayi Hausawa suka ƙulla. A watan azumi na 1835 bayi Musulmi, yawancinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka yi bore a birnin Salbado, aka sami layu da takardun Larabci a jikinsu. Ke nan rijiyar ba ta ci su ba. Mu da muka zauna gida, ba mu ko ga bakinta ba, mu ta ci.

Don haka abin da ke wuyan jika ba laifi ba ne, bashi ne. Biyansa kuwa abu biyu ne: ya faɗi tarihi yadda ya ke, ko da ya taɓa gidansu, sannan ya daina auna mutum da sarƙar da aka ɗaura wa kakansa. Yawancinmu nan gaba mu ne malaman makaranta, mu ne iyayen 'yan mata. Ranar da aka zo neman 'yarka, aka raɗa maka asalin yaron, ran nan za a san ko kai ma ka sha ruwan rijiyar. Allah ya sa mu gane, amin.