Bindigar Baba a Hannun Ɗa

A Tudun Wadan Zariya, da rani ya kama, 'yan farauta kan cika mota da karnuka su nausa daji. Maharbin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar kuwa, sai dai ya miƙa wa ɗansa bindigar toka, ya jira rabonsa a zaure.

Naman ya halatta? A mazhabar Malikiyya, ƙwarai. Ba a sharɗanta balaga ba. Sharaɗin dai shi ne yaro ya zama mai wayo, ya yi niyya, ya ambaci sunan Allah lokacin harbi ko sakin kare. Bisimillar uba daga kan tabarma ba ta isar masa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Zazzau, farautar wasa ta karhanta, ba ta neman abinci ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne dajin kansa. 'Yan bindiga sun addabi dazukan Giwa da Birnin Gwari, kuma a Maris 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi, jihar Edo. Tura ɗan shekara 13 daji a irin wannan hali zalunci ne, domin ciyar da shi a wuyan uba yake. Baligi mai hali daban ne: shi shari'a ta ɗora wa ciyar da iyaye matalauta, amma ba ta ce lallai da naman daji ba.