Dashen da Ya Ƙi Girma

Wata Asabar na dawo daga gidan rediyo na tarar da ɗana, ɗan shekara 9, ya haɗe rai a kan salular uwarsa. Minecraft yake bugawa, wasan nan na gini da tubala wanda kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin ya fitar a 2011.

"Baba, na dasa icce ya ƙi girma. Na zuba masa garin ƙashi har ya ƙare."

Garin ƙashi shi ne takin wasan. Muka duba tare, ashe a cikin ɗakin da ya gina ya yi dashen, rufi na dab da kansa. Dokar wasan kuwa ba ta da wuya. Dashe yana son ƙasa, da hasken da ya kai mataki na 9 cikin 15, da sarari a samansa. In babu sarari, ko buhu nawa na taki ka juye, asara ce. Sannan in mai wasa ya yi nisa, lokaci yakan tsaya a wurin, dashen ya zauna yadda aka bar shi. Yaron ya fasa rufin, ya tsaya kusa, can sai ga icce ya miƙe.

Shi ya yi ta tsalle, ni kuwa jikina ya yi sanyi. Yaron nan karatu na ba shi wuya, abin da na yi kawai shi ne ƙara masa darasi: boko da safe, allo da yamma, malamin gida bayan magariba. Ni kuma ina fita tun asuba saboda shirin safe, sai bayan isha'i nake dawowa. Taki nake ta zubawa daga nesa, ina jin haushin dashe.

In abin da kake reno ya ƙi girma, laifin wa? Mun saba cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni ma na sha faɗa wa masu saurarona haka. Karin maganar yana da gaskiyarsa, don duk manomi ya san dashen da ba shinge rabon awaki ne. Amma shinge a gefe yake, yana kare dashen ya bar masa sama. Abin da na yi wa ɗana rufi ne, na kira shi tarbiyya.

Na sani yaro ba wasa ba ne, ba wanda ya rubuta masa lamba 9 ta haske. Shi ya sa sai uba ya zauna kusa kafin ya gane abin da ya tokare shi.

Na rage wa malamin gida kwana biyu a mako. A ranakun nan nakan dawo da wuri, mu shimfiɗa tabarma, ya karanta mini ina saurare. Har yanzu yana tuntuɓe, amma ya daina ɓoye littafin in ya ji sallamata.