Shin Koyar da Rawa Sana'a Ce ta Mutunci?

Wani ɗalibina ya taɓa samuna a ofis ransa a ɓace. Ya shaida wa mahaifinsa cewa idan ya kammala digiri yana son ya zama malamin raye-rayen gargajiya, sai dattijon ya ce masa ba don ya yi tsalle a bainar jama'a ya sayar da gonarsa ba. Na daɗe ina juya wannan magana, domin ba ta dattijon ba ce shi kaɗai. Bahaushe ba ya biki sai da kiɗa da rawa, amma ya ajiye makaɗi da ɗan rawa a ƙasan tsanin daraja. Muna tafa wa 'yan koroso, sa'an nan mu hana su auren 'ya'yanmu.

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu dubi rayuwar wadda ta ƙarar da shekarunta a wannan aiki, wato Germaine Acogny. An haife ta a ƙasar Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, a 1944, ta tashi a Senegal. A 1968 ta buɗe ɗakin koyar da rawa a Dakar. Daga 1977 zuwa 1982 ta shugabanci makarantar Mudra Afrique, wadda Shugaba Senghor da Maurice Béjart suka kafa. Da makarantar ta rufe ba ta yi zuciya ba. Bayan zama a Turai ta dawo gida, ita da mijinta suka gina École des Sables, wato Makarantar Rairayi, a Toubab Dialaw, ƙauyen masunta da ke kudu da Dakar, inda ɗalibai daga sassan Afirka ke rawa a kan yashi. A 2021 aka ba ta babbar lambar Zakin Zinariya a birnin Venice.

Ba lambar ce hujjata ba, don yabon Turawa ba ya halatta sana'a. Hujjata ita ce irin ilimin da ta riƙa. Waƙa ana rubuta ta, tarihi ana adana shi a kundi, amma rawa a jikin mutum take zaune. Na'ura kan ɗauki hotonta, sai dai ba ta iya gyara wa yaro kafaɗa ko ta nuna masa inda zai dire ƙafa. Ranar da aka binne tsohon da ya iya takai ba tare da ya koya wa kowa ba, an binne shi da abin da kakanni suka ba shi ajiya. Ashe malamin rawa mai riƙon amana ne.

Duk da haka tsoron dattijon yana da tushe. Akwai wanda ke kwaso rawar ƙauye ya sayar wa baƙi a otal, masu ita ba su ga ko anini ba. Akwai kuma dandalin da ya zama mafakar lalata. A tawa fahimtar, ma'aunin guda ne: shin abin da aka ɗauko daga jama'a ya komo musu da ƙari, ko kuwa ya tafi ke nan?

Abin da na ce wa ɗalibin nawa shi ne ya fara da yaran unguwarsu, da rana tsaka, a inda mahaifinsa zai iya zuwa ya zauna ya gani.