Samanja ɗan wane ne?

Da Allah ya yi wa Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna a Nuwamban 2023, mutane da yawa suka yi mamakin jin cewa Samanja Mazan Fama Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi ta jihar Kwara. Shekaru muna dariyar wannan soja mai gauraya Hausa da turancin bariki, ba mu damu da tambayar asalinsa ba. Mun ɗauke shi namu.

To, me ya mai da shi namu? Aikin soja ya yi, ya kuma yi aiki a gidan rediyon Kaduna, tashar da gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa a 1962. Shi Sardaunan haifaffen Rabah ne, daga zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ke kwance a Wurno tun 1837. Gidansu Toronkawa ne, Fulani, amma Nana Asma'u 'yar'uwar Bello ta yi waƙoƙi da Hausa don ta karantar da matan karkara. Ashe tun can Hausa gida ce mai faɗin zaure.

Sai dai mu duba halinmu. A kasuwar Goronyo, wanda zai sayi albasa ba ya tambayar ko manomin Bagobiri ne, Ba'adare ko Bafulatani. Amma ranar da saurayi ya aiko neman aure, sai a shiga tone-tone. Kakansa maƙeri ne? Mahauci ne? An taɓa bautar da su? Sau nawa aure ya fasu a kan abin da yaron bai zaɓa ba?

Masu kare binciken suna da hujja. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma sanin tushe yana raya zumunci, yana kare gado. Muna tare da su har nan. Inda muka rabu shi ne mai da asali ma'aunin daraja. Tarbiyya ake gada a gida, ita kuwa a halin mutum ake ganinta, ba sai an tono kakanni ba.

Sarautar Pategi ba ta ƙara wa wasan Samanja armashi ba, don mun so shi kafin mu san da ita. Da ɗan maƙeri ne, dariyar tana nan yadda take. In mun iya yi wa baƙon da ke cikin rediyo wannan adalci, yaron da ya tashi a unguwarmu, muka ga halinsa da idonmu, ya fi cancantarsa.