Rufin Asiri a Zamanin Kwamfuta: Alfarma ce ko Haƙƙi?

Hausawa sukan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mutum yana da abin da yake riƙewa, ba domin laifi ba ne, sai domin nasa ne. Shi ya sa baƙo yakan tsaya a zaure ya yi sallama. Amma a yau asirin mutum ya fita daga ɗakinsa, ya koma cikin waya da kwamfuta.

Mu dubi rayuwarmu a Nassarawo da kasuwar Jimeta. Tun daga 2014 banki yake karɓar zanen yatsunmu domin lambar BVN. A Disamba 2020 gwamnati ta umurta a haɗa kowane layin waya da lambar NIN. Lokacin da Mubi ta faɗi a hannun Boko Haram a Oktoba 2014, waɗanda suka gudo Yola sun ba da sunayensu da na 'ya'yansu domin a ba su abinci. Shin mai jin yunwa yana da ikon cewa a'a? Idan ba shi da shi, nauyin tsare asirinsa ya rataya a wuyan mai karɓa.

Wani zai ce, wanda ba shi da laifi, me zai ɓoye? Wannan magana ta ɗauki asiri da laifi abu ɗaya. Cutar mai jinya ba laifi ba ce, bashin gwauruwa ma haka, duk da haka tona su yakan kashe aure ko kasuwa. Mun ga yadda waɗansu masu ba da rance ta waya suke aika wa dangin mai bashi saƙon cin mutunci. Gaskiya ne hukuma tana bukatar sanin 'yan ƙasa domin tsaro, amma bukata ba ta zama izinin yin yadda aka ga dama ba.

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tsare asirin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. A 2017 alƙalai 9 na Kotun Ƙolin Indiya sun yanke cewa sirri haƙƙi ne na asali. A Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba mutum ikon tambayar abin da aka ajiye game da shi, da neman a gyara kuskure. Alfarma akan roƙa, ana kuma iya janye ta. Haƙƙi kuwa nema ake yi kai tsaye.

'Yan'uwa, doka ba za ta shiga kowane ɗaki ba. Malamin asibiti, da mai POS, da magatakardan ikilisiya mai riƙe da littafin sunaye, kowannensu amana ce a hannunsa. Kafin ka tura hoton wani ko lambarsa, ka nemi izininsa, kamar yadda kake yin sallama a ƙofar gidansa.